Me ya sa talauci ya ƙi barin wasu ƙasashe, kuma ta ina ake kama gyara?

Tsohon Malamin Gona, Daura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin zamani da ke cikinmu, da duk wanda ya san zaman ƙauye. Me ya sa akwai ƙasashen da talauci ya yi musu katutu tun samun 'yancin kai har yau, alhali wasu da aka taso tare da su sun yi nisa? In kuma gyara za a yi, ta ina ake kamawa?

Aikin malamin gona na yi a ƙasar Daura har na ajiye. Na zauna Sandamu, na zauna Baure da Zango, saboda haka abin da zan faɗa a gona na gan shi. Kafin komai ina roƙon a cire maganar lalaci daga wannan tattaunawa. Duk wanda ya ce ƙyuya ce ta talauta mutanenmu bai taɓa tsayawa a gonar jigawa cikin watan Yuli ba, ya ga magidanci da 'ya'yansa sun duƙa tun bayan sallar asuba, ba abin da ke cikinsu sai farau-farau.

Ga yadda shekarar ƙaramin manomi take tafiya. Kaka ta yi, ya ɗaure gero, ya rore wake. Kafin hatsin ya yi mako a rumbu masu bin bashi sun yi sallama: wanda ya ba shi taki, da mai shagon magani, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya da aka ɗaga zuwa bayan kaka. Kowa a garin halin da yake ciki ke nan, don haka kowa ya fito da hatsi kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Mai hali ya saya ya ajiye. Zuwa bazara rumbu ya yi ƙasa. Ruwa ya sauka, kuma daidai lokacin da gonarsa ta fi buƙatarsa, lokacin ne abinci ke ƙarewa a gida. Sai ya bar tasa ya tafi ƙwadago gonar wani, domin ya auno tiya ɗaya da yamma, a kuɗin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Kafin ya juyo kan tasa ciyawa ta rufe ta, noman fari ya makara, ga wuta-wuta ta fito. Abin da zai girbe bana ba zai kai na bara ba. In abin ya tsananta ya jinginar da gonar, in ya ƙara tsananta ya sayar, ya zama ɗan ci-rani na dindindin a Legas ko Fatakwal.

Wannan ba yau aka fara ba. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa, nan kusa da Katsina, tana bin gidajen manoma tana bincike. Cikin abin da ta gano akwai cewa wasu magidanta talaucinsu ya kai ba sa iya noma gonakinsu, saboda dole su yi wa wasu aiki kafin su ci. Yau ana neman shekara sittin, zagayen bai canja ba, sai ma gona da ta ƙara ƙanƙancewa saboda rabon gado, ƙasar kuma ta gaji don ba a hutar da ita.

Da na ɗaga kai sai na ga kamar ƙasashen ma irin rayuwar wannan manomi suke yi. Nijar tana haƙo yuraniyum a Arlit tun 1971, an yi shekaru ana kai shi Faransa ana samar da lantarki, ita kuwa mafi yawan mutanenta ba su da wuta a gida. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ce ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt na duniya, wanda ake batirin waya da na mota da shi, amma tana sahun gaba a talauci. Mu ma nan mun daɗe muna sayar da ɗanyen mai muna sayo tataccen. A sayar da araha cikin matsi, a sayo da tsada, a ci bashi a cike giɓi.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin ƙasashe 44 da ta ce su ne mafi ƙarancin ci gaba, 32 daga ciki a Afirka suke, har da maƙwabtanmu Nijar da Chadi. Nijeriya ba ta cikin jerin, amma a Nuwamba 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da ruwa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

Na ga shirye-shirye sun zo sun wuce: na ciyar da ƙasa a zamanin Obasanjo a 1976, na bunƙasa noma na Shagari a 1980, na raya karkara (DFRRI) a zamanin Babangida, na yaƙi da talauci (NAPEP) a 2001, har bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Wasu da hannuna na raba takardunsu. Manomin da na sani yana nan inda yake. To, shin fahimtar nan tawa daidai ce? Kuma waɗanda suka fita, me suka yi?

Ɗalibin Tattalin Arziki, Katsina:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ɗanka ne a wannan magana, zan tofa ɗan abin da na karanta, inda na kauce a gyara mini.

Rahoton Bankin Duniya na 2024 ya ce mutum kusan miliyan 700 ne ke rayuwa a ƙasa da dala 2.15 a rana, kuma biyu cikin ukunsu a Afirka kudu da Sahara suke, alhali mu kashi 16 cikin 100 ne kawai na mutanen duniya. A 1990 ba haka abin yake ba, yawancin matalautan duniya a Asiya suke. Don haka can ya kamata mu leƙa.

Daga gonar ƙaramin manomi suka fara, Baba, wurin da ka yi rayuwarka. Koriya ta Kudu ta yi dokar raba filaye a 1950, masu noman haya suka mallaki gonakin da suke nomawa. A ƙasar Sin, a 1978 wasu magidanta 18 a wani ƙauye na lardin Anhui suka yi yarjejeniya a ɓoye, suka raba gandun gama-gari tsakaninsu, kowa ya biya kason hukuma ya riƙe saura. Amfanin da aka gani ya sa tsarin ya bazu ƙasar duka, kuma cikin shekara 40 mutum kusan miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci. Biyetnam shinkafa ba ta isar ta, ta sauya tsari a 1986, zuwa 1989 ta fara fitar da ita waje. Da manomi ya samu rara sai ya sa ɗansa makaranta, ya sayi keke da kwanon rufi da tufafi. Masana'antu suka samu masu saye, suka kuma samu ma'aikatan da suka iya karatu. Daga nan ne aka shiga ƙera kaya ana kai wa duniya.

Inda zan ɗan saɓa da Baba shi ne maganar ɗanyen kaya. Botsuwana ma lu'ulu'u take sayarwa. Ranar da ta samu 'yanci a 1966 kwaltar da ke ƙasar duka ba ta wuce kilomita 12 ba, ga shi ba ta da teku kamar Nijar. An gano lu'ulu'u a 1967, gwamnatin Seretse Khama ta riƙe kasonta a kamfanin haƙar, kuɗin ya shiga baitulmali, aka yi makarantu da asibitoci da hanyoyi, aka ajiye saura. A 1994 ita ce ta farko da ta fita daga jerin nan da Baba ya ambata. Ashe ba kayan ne matsalar ba, hannun da kuɗin ya faɗa ne.

Akwai kuma wata illa da arzikin ƙarƙashin ƙasa ke yi. Gwamnatin da ke samun kuɗinta daga rijiyar mai ba ta da buƙatar manomin Baure ya yi arziki. Zamanin gyaɗa da auduga, duk da cewa hukumar sayen amfanin gona tana matse manomi a farashi, in bai samu ba hukuma ma ba ta samu ba, shi ya sa ake bin sa har gona da iri da shawara. Da kuɗin mai ya kwararo a shekarun 1970, ga farin 1973, ga cutar da ta kama gyaɗa a 1975, sai aka juya masa baya. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, audugar Funtuwa da Malumfashi ta rasa mai saye. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, ƙasashe ƙalilan ne suka cika, ba mu cikinsu.

Ba na musun hannun waje. A taron ciniki na duniya na 2003, Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi sun kai kuka cewa tallafin da Amurka ke bai wa manoman audugarta yana karya farashin tasu, kuma gaskiya suka faɗa. Bashi ma ya danne ƙasashe da yawa. Amma mu tuna a 2005 an yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, ta biya kusan biliyan 12 ta rabu da ƙungiyar ƙasashen da ke bin ta bashi da ake kira Paris Club. Wa ya mayar da mu cikin bashi bayan nan?

Abu na ƙarshe shi ne yaƙi. Dubi na ƙasan jerin: Sudan ta Kudu, Afirka ta Tsakiya, Somaliya, gabashin Kongo. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai garuruwan da sai manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Garin da ake sayar da gona da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa, wane shirin rage talauci zai kama a can?

Ma'aikaciyar Lafiya, wani ƙauye a ƙasar Zango:

Baba Malam, sannu da wannan tambaya. Kai da ƙanena kun yi maganar kasuwa da gwamnati, ni bari in faɗi abin da ke kwashe rumbu kamar yadda nake ganinsa daga kan bencin asibiti.

Watan Agusta, marka ta sauka, sauro ya yi yawa. Uwa ta shigo da yaro a goye, jikinsa zafi rau, ya kwana uku ana ba shi jiƙo saboda babu kuɗin babur. In ja fatar idonsa in gan ta fari fat, jini ya ƙare. In ɗaura masa ma'aunin damtse ya nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Dole a tura shi babban asibiti a ƙara masa jini. Kafin la'asar uban ya ja akuyar matar zuwa kasuwa, akuyar da ita ce duk dukiyarta. Dillali ya kalli idonsa ya gane matsuwa ce, ya taya yadda ya ga dama. Sannan uban ya yi kwanaki yana zaman jinya, gona tana jiran maimai. Ko yaron ya tashi, gidan nan ya koma baya da shekara biyu ko uku. Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne, haka daminarmu take.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce wajen kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin bai wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Ruwanda ba ta kai mu kuɗi ba, amma ta sa mafi yawan mutanenta cikin asusun lafiya na gama-gari, kowa ya zuba ɗan kaɗan a shekara, marasa hali kuma a biya musu.

Abin da ya fi sa ni kuka tamowa ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu saboda ita a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Waɗanda suka rayu fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure. Yaron da bai samu abinci ba daga cikin uwa zuwa shekara biyu, ba tsayinsa kaɗai ke tauyewa ba, har ƙwaƙwalwarsa. Ya shiga aji ya kasa ɗauka, a ce dakiki ne, ya girma ya haifi nasa cikin irin wannan hali. Ta nan ake gadon talauci, Baba.

Ƙanena bai ambaci Bangaladesh ba, kuma ita ce ta fi kama da mu: Musulmi ne, ga yawa, ga talauci. A 1994 sun fara bai wa 'yan matan karkara ɗan tallafi don su zauna a sakandare. Mata suka riƙa bi gida-gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Mace da ke haihuwar sama da shida a shekarun 1970 yanzu wajen biyu take haifa, kuma suna rayuwa. Ni ba ƙayyade wa kowa nake cewa a yi ba. Tazara nake roƙo, uwa ta huta, yaro ya sha nono ya ƙoshi kafin wani ciki.

Wata ƙungiyarsu mai suna BRAC ta fito da wani tsari a 2002 don matan da suka fi kowa rashi. Ba bashi ake ba su ba. A ba mace saniya ko awaki, a koya mata kiwo, a riƙa ba ta ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar, a duba lafiyar gidan, a sa ta cikin ajiya irin adashinmu. An gwada shi a Gana da Habasha ya yi aiki. A nan ana raba awaki, a ɗauki hoto, a tafi. Zazzaɓin farko da ya shigo gidan, akuyar ta tafi kasuwa.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Mai'aduwa:

Malam, Allah ya ba ka haƙuri, amma kada a tashi daga zauren nan an mayar da mu masu sayen hatsi mu ne azzaluman. In ba mu saya a kaka ba wa zai saya? Ajiya ba kyauta ba ce. Akwai hayar sito, akwai ƙwari, akwai kuɗin mutane da ka juya, akwai faɗuwa. A Yulin 2024 gwamnati ta dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Waɗanda suka ajiye kaya a kakar nan, da 2025 ta shigo sun sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu jarinsu ya karye. Mai saye a birni ya ji sauƙi, ban ƙi ba. Amma manomin da ya sayi taki da tsada, ya zo ya tarar buhun masara ba ya sayen buhun taki, shi kuma da me zai koma gona?

Ni a wurina babban abin da ke talauta mu rashin tabbas ne. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe ta ɓangarenmu. Mu nan da Kwangwalam da Jibiya rayuwarmu ke nan: mutanen Nijar su kawo dabbobi da wake, su sayi masara da kayan masarufi. Rana ɗaya a yi sanarwa a rediyo, dillali da ɗan dako da direba da mai tuwo a tasha duk su zauna. Ko hanya a buɗe take, daga nan zuwa Dawanau ka ƙirga shingayen da za a tsayar da mota, kowanne sai an miƙa wani abu. Kuɗin nan daga farashin manomi ake cire shi, a ɗora wa mai saye.

A gyara hanya, a rage shingaye, a ƙarasa layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, a daina canja doka tsakiyar damina. In an yi haka ratar da ke tsakanin farashin kaka da na bazara za ta ragu da kanta.

Almajirin Malamai, cikin garin Katsina:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Abu ɗaya zan ƙara, don kada wani ya ce ai ƙaddara ce a naɗe hannu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga kafirci da talauci a addu'a ɗaya. Addini kuma bai bar mu ba tsari. Hatsin da ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, in ruwan sama ya shayar da shi ana fitar da ɗaya bisa goma, in da wahalar ban-ruwa ne ɗaya bisa ashirin. Ku duba yawan geron da dawar da masarar da manyan manoman jihar nan ke girbewa, ku ƙiyasta ushirinsa. Da ana fitar da shi cikakke, ana kai shi hannun masu shi da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, da magidancin da Malam ya siffanta bai bar gonarsa a watan Yuli ba. Malamai da yawa sun ce ya halatta a bai wa mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa, maimakon a tara mutane a ƙofar gida a raba musu abin da ba zai kai su jibi ba. Ga kuma waƙafi da muka yi sakaci da shi, alhali Sayyidina Usman rijiya ya saya a Madina ya bar wa jama'a.

Tsohon Malamin Gona, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya yi muku albarka. Ɗana, maganar Botsuwana ta shige ni, haka nan maganar cewa hukumar da ba ta ci daga gumin manomi ba ta damu da shi ba. Alhaji, ban ɗora muku laifi ba, wanda ya fito da hatsinsa cikin matsi shi nake kuka dominsa. 'Yata kuwa, ke kika taɓo inda ya fi ciwo.

Da na haɗa maganganunku, abin da na gani shi ne talakanmu yana samu, riƙewa ce ba ya iya yi. Ciwo ya ƙwace, bashi ya ƙwace, ɗan bindiga ya ƙwace, sauyin doka ya ƙwace. Shirye-shiryen da na lissafa duk miƙa masa abu suke yi, babu wanda ya tsaya ya tsare masa abin da ke hannunsa. Ni a ganina nan ne wurin kamawa, kafin a kai ga masana'antun da ɗana yake hange, waɗanda ni ma ina fatansu.

Akwai misali a nan bayan gidanmu. Wanda duk ya tsallaka Kwangwalam ya nufi Matamai da Magariya zai ga gonaki cike da gawo, har ya zaci daji ne. Bayan farin shekarun 1970 da na farkon shekarun 1980 yankin nan ya zama fili fetal. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ya lura kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Sai aka fara koya wa manoma su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, su datse saura, su bar su su tashi. Ba a kawo iri daga waje ba, ba a yi ban-ruwa ba. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Na tsaya ƙarƙashin gawo a wata gona can cikin damina, ganyensa ya zube don haka ba ya yi wa shuka inuwa, geron da ke gindinsa ya fi na nesa tsayi da kauri, ganyensa shar. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Amma abin da ya sa aikin ya bazu shi ne sassaucin dokar daji. A da itace na hukuma ne, ka taɓa a ci ka tara, don haka ba mai renonsa. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, bai jira kowa ba.

Mu nan muna da abin da su ba su da shi. Madatsar Zobe tana nan tun 1983, ga ta Jibiya, ga Sabke, amma noman ranin da ake yi da su bai kai abin da ruwan zai iya ba, matasanmu kuma suna watsewa ci-rani wata shida. Ga buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba guba ba, manoma da yawa ba su san shi ba saboda malaman gona sun yi ƙaranci, waɗanda suka ajiye aiki ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba.

Abin da ke hannunmu mu a unguwa shi ne rumbun tsimi. Mun fara magana da dattawan masallacinmu: a tara hatsi a kaka, a kulle da kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, ba za a buɗe ba sai ruwa ya zauna. Magidancin da abincinsa ya ƙare a auna masa, ya tsaya a gonarsa, in kaka ta yi ya mayar. Allah gafarta Malam, ga tambayata gare ka: ya halatta mu zuba hatsin zakka cikin wannan rumbu mu riƙe shi zuwa damina? Kuma in mutum zai mayar, za a iya ɗora masa ɗan ƙari don a rufe asarar ƙwari da ta waɗanda suka gaza biya?

Almajirin Malamai, cikin garin Katsina:

Malam, ku raba rumbun biyu. Zakka haƙƙin masu ita ce, Allah ya ce a bayar da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa, kuma mallaka musu ake yi, ba rance ba. In wanda aka bai wa ya ga dama da kansa ya kawo muku ajiya zuwa damina, wannan dukiyarsa ce, ku rubuta sunansa a kan buhun. Rumbun rance kuwa ku gina shi da sadaka da waƙafin masu hali. Wanda ya karɓi tiya goma ta gero tiya goma ta gero zai mayar, sharaɗin ƙari riba ce ko da kyakkyawar niyya aka yi shi. Asarar ƙwari da ta wanda ya gaza, ku nemi masu hali su riƙa cike ta duk kaka, ko ku samu gona guda a yi waƙafinta, a riƙa noma ta da gayya ana zuba amfaninta a rumbun. Kafin ku fara, ku kai wa limamin Juma'arku tsarin a rubuce ya duba.